Me zan tarar idan na kai yarona wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin kuɗi?

Wata uwa daga cikin garin Sakkwato ta aiko da wannan tambaya: "Likita, ɗana shekararsa 13, yana aji 2 na ƙaramar sakandare. Wata biyar ke nan ya canza mini. Ya daina fita ƙwallo, ba ya barcin kirki, abu kaɗan sai faɗa da ƙannensa, sakamakon jarabawarsa ya faɗi. An yi tofi, an sha rubutu. Wata 'yar'uwata ta ce in kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara a asibitin kuɗi, don mahaifinsa ya ce ɗansa ba zai taka asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba. Mi za a yi mishi can? Allura za su yi masa ya koma yana zubar da yawu? Kuma ba na so maganar ta fita."

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya. Wata biyar uwa tana kallon ɗanta yana sauyawa a gabanta ba ƙaramin abu ba ne, kuma kin yi daidai da kika fara tunanin likita tun yanzu.

Abin da za ki tarar ranar farko hira ce. Doguwar hira, wadda za ta iya cin sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi, wani lokaci ma ba ta ƙarewa sai an sake zama. A aikinmu tambaya da sauraro su ne kayan awo. Iyaye da yawa suna fita daga ofishina ransu a ɗan ɓace, suna ganin sun biya kuɗi mai yawa an sallame su ba allura, ba ruwan jiki, ba hoton kai. Idan haka ta faru da ke, ba a cuce ki ba. Wanda ya kamata ki ji tsoro shi ne wanda zai dubi yaron minti biyar, bai tambaye ki komai game da gidanku ba, ya rubuta magani kala huɗu.

Kafin ki biya ko sisi, ki san wa zai duba shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a ɓangaren yara da matasa kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Horon yana da tsawo: shekara 6 a makarantar likitanci, shekarar koyon aiki, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Wasu sukan ƙara da karatun lafiyar ƙwaƙwalwar yara a cibiyar da Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa a Jami'ar Ibadan. Ba rashin kunya ba ne ki tambayi mai karɓar kati, "Likitan nan likitan ƙwaƙwalwa ne, ko likitan kowace cuta? Yana ganin yara?" Duk likita na gaskiya yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, yana kuma sabunta lasisinsa kowace shekara. Wanda tambayar ta ɓata wa rai, ki nemi wani. Ki kuma bambance likita da masanin halayyar ɗan'adam: shi na biyun yana gwajin fahimta, yana jinya ta hanyar zama da magana, amma ba ya rubuta magani. Wuri mai kyau yakan haɗa su biyun, ko ya san inda zai tura ki.

Game da Kware, ina so in faɗi wani abu don ki isar wa maigida. A garin nan ƙwararrun wannan fanni mafi yawansu a wuri biyu suke aiki: sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Likitan da za ki gani da yamma a asibitin kuɗi, zai yi wuya a ce ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, ko wanda ya sami horo a hannunsu. Ilmin ɗaya ne, maganin ɗaya ne. Abin da kuɗinki zai saya miki shi ne lokaci, da gajeren layi, da kaɗaici, da ganin likita guda duk zuwa maimakon wanda aka tarar. Waɗannan abubuwa ne masu daraja, musamman ga matashi mai jin kunya, shi ya sa ban ga laifin zaɓinku ba. Amma yana yi mini ciwo yadda muka mayar da sunan Kware abin zolaya, har yara suna ce wa juna "sai an kai ka Kware". Wannan zolayar ta hana iyaye da yawa kawo 'ya'yansu sai abu ya yi nisa.

Ki tambayi kuɗi tun ta waya: nawa ne kuɗin kati, nawa ne ganin farko, nawa ne na komawa, shin magani a wurinsu dole za a saya ko za a ba ki takarda ki saya a waje. Ki tafi da katin sakamakonsa na zango uku ko huɗu da suka wuce, da littafinsa na makaranta ɗaya na bara ɗaya na bana, da duk maganin da ya sha, na kemis da na gargajiya, a cikin kwalinsu.

Wanda zai raka shi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ina son in ga uwa da uba tare, ko sau ɗaya ne. Idan kuma ɗan fari ne, kina yi masa alkunya, ba ki cika zama da shi ba, ko kuwa a hannun kakarsa ko goggonsa ya tashi, to ita ma ta zo. Sau da yawa wadda ta yi riƙon yaro ita ke riƙe da rabin labarin.

Likita zai fara daga abin da ya kawo ku: yaushe ya fara, me ya faru a gida ko a makaranta a wannan lokacin, yaya barcinsa, yaya cin abincinsa, yana kuka, yana keɓewa, yana magana shi kaɗai. Daga nan sai ya koma baya har cikinsa. Kin yi rashin lafiya da cikin? Naƙuda ta yi tsawo? Ya yi kuka da aka haife shi? Ya yi ciwon shawara a kwanakin farko? Yaushe ya zauna, ya yi tafiya, ya fara magana? Za ki ce me ya haɗa wannan da yaro ɗan shekara 13. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana riƙe da tarihinta. Mu a nan muna cikin yankin sanƙarau, kin kuma tuna annobar 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Yaron da ya tsira daga sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa zai iya fitowa da raunin ji, ko farfaɗiya, ko wahalar karatu, ko sauyin hali. Wanda ya tashi kusa da wuraren haƙar zinari, mukan tuna da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ta bar wasu da lahani. Mai amosanin jini ma akwai tambayoyinsa daban.

An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara 8 daga wani ƙauye, wai ba ya jin magana, ga taurin kai, an yi duka har an gaji. Ina hira da mahaifinsa sai na lura yaron bakina yake kallo, ba idona ba. Na zagaya bayansa na kira sunansa, bai waiwayo ba. Da na bincika, ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya yana ɗan shekara 4. Aka tura shi awon kunne, aka tarar jinsa ya ragu sosai. Shekara huɗu ana dukan yaro a kan abin da kunnensa bai ɗauka ba. Mahaifin ya zauna a kujera yana hawaye. Wannan yaron bai buƙaci ƙwaya ko ɗaya daga wurina ba.

Sai tambayoyin da suka fi nauyi, na cikin gida. Akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku ko dangin mahaifinsa? Ku nawa ne matan gidan? Yaya zamanku da abokiyar zama, yaya zamansa da 'yan ubansa? An yi saki, ko yaji, ko rasuwa? Wa ke hukunta shi, da me? Mahaifinsa yana zama da shi? Kun taso ne daga wajen Isa ko Sabon Birni ko Rabah saboda 'yan bindiga, yaron ya ga wani abu da idonsa? A nan iyaye kan ɗaure fuska, su ce lafiya lau, ba komai. Na san dalili, an rene mu a kan rufa wa gida asiri. Amma Hajiya, likita ba alƙali ba ne, ba ya neman mai laifi. Yaro ba ya rayuwa shi kaɗai. Abin da ke tafasa a tsakar gida a jikinsa yake fitowa, ta ciwon kai, ta fitsarin kwance, ta faɗa da ƙanne. Abin da kika ɓoye shi zai sa a yi wa ɗanki maganin abin da ba ya damunsa. Idan akwai maganar da ba za ki iya yi gaban maigida ko gaban yaron ba, ki ce wa likita kina son minti biyar ke kaɗai. Mun saba da wannan.

Bayan haka za a ce ku ɗan fita, a bar likita da yaron. Wannan ne wurin da iyaye suka fi ƙi, kuma shi ne wurin da ya fi amfani. Ɗan Hausa mai shekara 13 ba zai buɗe baki gaban mahaifinsa ya ce ana cin zalinsa a makaranta ba, ko wani babba ya taɓa shi inda bai dace ba, ko abokai sun ba shi ƙwaya ya gwada. Kansa zai sunkuyar ya ce ba komai. Idan mace ce, kina da haƙƙin cewa a bar nas mace a ɗakin, kuma likita mai hankali zai yi haka tun ba ki roƙa ba. Abin da nake gaya wa matashi a gaban iyayensa kafin su fita shi ne: abin da ka faɗa mini zai tsaya tsakaninmu, sai fa idan ranka ko ran wani yana cikin haɗari, ko wani yana cutar da kai, wannan dole in sanar da iyayenka, amma kai zan fara gaya wa. Don haka idan kin dawo ɗakin likita bai zayyana miki duk abin da suka tattauna ba, kada ki ɗauka an haɗa kai da ɗanki a bayanki. Kada kuma ki tsare shi a mota ko a Keke da "me ka ce masa?" Ranar da ya gane maganarsa tana dawowa gida, ya rufe baki ke nan.

A wannan zaman za a tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu, ko ya yi tunanin cutar da kansa. Iyaye sukan firgita, su ce ai wannan koya masa ne. Ba haka ba ne. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi, wanda kuma yake ɗauke da shi yakan ji sauƙi da aka sami mai tambayarsa ba tare da tsawa ba. Kasancewarmu Musulmi, mun san haramcin abin, bai hana ciwo ya kawo wa yaro wannan tunani ba; abin da ya ƙara shi ne tsoron faɗa. Za a kuma tambaye shi batun shaye-shaye: tiramol, maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, wiwi, sholisho. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, don haka kowane matashi muke tambaya, ba don an ga alama a fuskar naki ba.

Ga ƙananan yara abin daban ne: takarda da fensir, kayan wasa, likita yana kallon yadda yaro ke amsa sunansa, yana haɗa ido, yana nuna abu da yatsa, yana iya zama wuri ɗaya. Akan kuma ba da takardar tambayoyi a kai wa malamin aji. Ni nakan so jin ta bakin malamin islamiyya ko na allo ma, domin ƙiriniyar da ke ciwo tana bin yaro ko'ina, wadda kuma take fitowa a aji ɗaya kaɗai, sau da yawa matsalar tana ajin ne.

Za a auna nauyinsa da tsayinsa da hawan jininsa, a duba jikinsa. Wataƙila a nemi awon jini, idan ana zargin ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo, ko kafin a fara wani magani. Idan yana suma ko yana ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi, za a iya neman gwajin EEG don duba farfaɗiya. Amma ki riƙe wannan: babu hoton kai da ke nuna ciwon damuwa, ko otizim, wato matsalar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, ko ciwon rashin natsuwa da ake kira ADHD. Hoto yana da wurinsa, kamar ciwon kai mai tsanani da amai, ko raunin gefen jiki, ko buguwa a kai. Duk gwajin da aka rubuta miki, ki tambaya, "Me ake nema da shi, kuma me zai canza a jinyar?" A asibitin kuɗi wannan tambayar tana tsare aljihu.

Ba lallai ki fita da sunan ciwo ranar farko ba, kuma likitan da ya ce "bari mu sake zama kafin in yanke" ya fi wanda ya yi gaggawa. Ba zan iya yanke wa ɗanki hukunci daga wasiƙa ba, amma abin da kika lissafa, daina abin da yake so, lalacewar barci, saurin fushi, faɗuwar karatu, har wata biyar, abu na farko da likita zai bincika shi ne ciwon damuwa. A matasa ba kullum yake zuwa da kuka ba, yakan zo da fushi, shi ya sa ake ɗaukarsa rashin kunyar balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Wannan ba hauka ba ne. Kalmar hauka a bakinmu ta haɗiye abubuwa goma da ba su da alaƙa, kamar yadda galahanga ta haɗiye otizim da raunin fahimta da shanyewar gaɓoɓi. Aikin likita ya rarrabe su, ya yi miki bayani da Hausar da za ki iya maimaita wa maigida. Idan ya yi ta zuba Turanci, ki tsayar da shi.

Yanzu maganar da ta fi tsaya miki a rai, allura da zubar da yawu. Hoton da ke idonki na gaske ne, kin gan shi a jikin wani: mutum ya sandare, yana tafiya a hankali, hannu na rawa, yawu na zuba. Wannan illar tsofaffin magungunan taɓin hankali ce irin su Largactil da halofiridol, musamman idan an ba da su da yawa. Magunguna ne masu amfani a wurinsu, amma ba su ne maganin damuwa ko fargaba ba, kuma yaro irin wanda kika kwatanta, da ya shigo da ƙafarsa yana amsa tambaya, babu dalilin yi masa allura.

Idan damuwar ba ta yi tsanani ba, ana farawa ne da zaman magana, mako-mako ko bayan mako biyu. Ba nasiha ba ce irin ta "ka yi haƙuri". Ana koya wa yaro gane tunanin da ke danne shi, ana mayar da shi ga abubuwan da ya bari ɗaya bayan ɗaya, ƙwallo, abokai, lokacin barci, a rage waya da dare. Ku ma iyaye akwai naku aikin, kuma yawanci shi ya fi wuya: rage tsawa da gori, daina kwatanta shi da ɗan wane, uba ya sami ko minti goma ya zauna da shi ba don faɗa ba.

Idan ta yi tsanani, ana haɗawa da magani, kuma wanda aka fi amincewa da shi ga matasa shi ne fuloksetin, ƙwaya ɗaya da safe. Ba ya sa maye, ba ya kama mutum irin kamun tiramol. Sai dai ba ya aiki nan take. Akan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa sosai, kuma a nan ne iyaye da yawa ke yanke ƙauna su ajiye. A makonnin farko wasu yaran kan ji tashin zuciya ko ciwon kai, kaɗan daga ciki kuma sukan ƙara rashin natsuwa ko tunanin cutar da kai. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a kwalin irin waɗannan magunguna. Shi ya sa likita zai ce ku dawo bayan mako ɗaya ko biyu, ya kuma ba ki lambar da za ki kira. Idan ya warware, akan ci gaba aƙalla wata shida, sannan a janye a hankali. Maganin ya zauna a hannunki, ke za ki riƙa ba shi.

Sauran magungunan zan taɓa su a gurguje don masu irin tambayarki. Ritalin na ADHD yana rage cin abinci, don haka ana bin nauyi da tsayin yaro, kuma ba kowane kantin magani ake samunsa ba. Ki tambayi inda za a same shi kafin a fara. Yaron da bai kai shekara 6 ba, horar da iyaye ake farawa da shi. Risferidon yana rage tsananin fushi da dukan kai ga wasu masu otizim, amma ba ya warkar da otizim, yana kuma sa ƙiba. Epilim na farfaɗiya ana kaffa-kaffa da shi ga 'yan mata da suka balaga, domin yana iya yi wa ɗan tayi lahani, mu kuma muna aurarwa da wuri. Idan yaro yana shan maganin taɓin hankali sai wuyansa ya karkace, idonsa ya kafe sama, harshe ya fito, ba aljanu ba ne suka tashi. Illar magani ce, tana da makari, a kai shi asibiti nan take. Ki kuma yi wa likita maganar azumi tun kafin watan ya kama, don a gyara lokacin sha, da maganar zafin Maris zuwa Mayu, don wasu magungunan ba sa son jiki ya bushe.

Tofi da rubutu da aka yi, ki faɗa ba tare da jin nauyi ba. Ni ban taɓa hana iyaye addu'a ba, kuma likitan da ya yi wa imaninki dariya bai san mutanen da yake yi wa aiki ba. A ci gaba da addu'a, a ci gaba da magani. Inda nake tsayawa da ƙarfi shi ne duka da sunan fitar da aljani, da hayaƙin da ke shaƙe yaro, da cewa a ajiye maganin asibiti, da gidan mari. Duk mun ga abin da aka tarar a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, yara da manya cikin sarƙa, jiki duk tabo. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su ne.

Akwai abin da asibitin kuɗi na ganin likita a tafi gida ba zai iya ba. Idan yaro ya sha wani abu don ya cutar da kansa, ko ya faɗi yadda zai yi, ko ya rikice yana ganin abin da babu, ko ya daina ci da sha, ko zazzaɓi ya haɗu da ruɗewa, ba a jiran ranar alƙawari. Sashen gaggawa na asibitin koyarwa ko Asibitin Ƙwararru za a nufa, ko Kware, a daren. Ki tambayi likitanku tun ranar farko, "In abu ya taso da dare, ina za mu?" Tun yau kuma, ki kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin ƙwari na gona da tarin magungunan gida, ki kulle su.

Batun kada magana ta fita: sirrin mai jinya wajibi ne a kan likita da nas da mai ajiye fayil. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mai jinya na a mutunta shi, a kuma tsare sirrinsa. Ba za a rubuta wa makarantarsa ba sai da izininku, kuma kina iya cewa a nuna miki takardar kafin ta tafi. A abin da na gani, maganar ba ta cika fita daga asibiti ba. Daga gida take fita, wajen biki ko suna, ta bakin wanda aka gaya wa don ya taya addu'a. Ki zaɓi mutum biyu ko uku da kika yarda da su, ki kuma tambayi yaron wa yake so ya sani.

Ki yi lissafin kuɗi na wata shida, ba na rana ɗaya ba, domin komawa ita ce jinyar. Zaman komawa gajere ne, minti 20 zuwa 30, amma yana da yawa a farko. Idan kuna da inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha, ki tambaya ko suna karɓa. Idan nauyin ya fi ƙarfinku a tsakiya, kada ku ɓace shiru. Ki gaya wa likita ya rubuta muku takarda ku ci gaba a asibitin gwamnati, ko ya sauya magani zuwa mai sauƙin kuɗi. Masu ganin likitan Abuja ko Kano ta bidiyo, hakan yana yi wa zaman komawa, amma ganin farko na fi so a yi shi ido da ido.

Maigida kuma, kada ki tunkare shi da kalmar ƙwaƙwalwa. Ki ce masa yaron ba ya barci, karatunsa ya faɗi, kina so ku je tare ku ji ta bakin likita sau ɗaya, shi ma ya yi nasa tambayoyin. Shi kuma yaron, kada a yaudare shi da cewa za a je gaishe da wani, ya tsinci kansa gaban likita; wanda aka kawo da dabara ba ya magana. Ki same shi shi kaɗai bayan isha'i, ba gaban ƙannensa ba, ki ce masa kin lura kwanan nan ba ya jin daɗi, ba fushi kike da shi ba, akwai likitan da ke taimaka wa yara masu wahalar barci da damuwa, za ku je tare, ba allura, kuma zai sami damar yin magana shi kaɗai in yana so. Wataƙila ya ce shi lafiyarsa lau. Ki ce to, mu dai je a duba barcin.